Gida a rufe, mai shi a nesa

A kowace babbar unguwa ta Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, mai tafiya da ƙafa ba zai rasa cin karo da gida mai ƙatuwar ƙofar ƙarfe da kwaɗo a rataye ba, ciyawa ta tsiro a dokin ƙofa, babu sawun mutum balle na mota. In aka tambayi maƙwabta, amsar ba ta wuce uku: ko dai mai gidan ma'aikaci ne da aiki ya kai Yamai, ko ɗan kasuwa ne da ke zaune Kwatano ko Lome ko Abijan, ko kuwa ya riga mu gidan gaskiya magada ba su kai ga rabo ba. Irin waɗannan gidaje ba a buɗe su sai da salla, ko lokacin babban hutun ƴan lakwal, ko in biki ko rasuwa ta taso. Sauran watanni tara ko goma na shekara kuwa, rana da iska da ruwa da gara su ne masu gida.

Abin da ke cikin wannan magana ya wuce bulo da kwano. Ga ma'aikacin gwamnati, gidan nan shi ne gumin shekara ashirin ko talatin, kuma nan yake sa ran ya zauna ranar da ya aje aiki. Ga ɗan kasuwa, shi ne shaidar cewa tafiyar da ya yi ba ta banza ba ce. Amma mutane da dama da suka iya tara kuɗin gini, ba su taɓa zama sun yi lissafin kuɗin riƙon gida ba, har sai ranar da waya ta iske su cewa katanga ta faɗi, ko kuwa ɗan'uwan da aka ba mabuɗi ya ce ba inda za shi.

Dalilin yawaitar gidajen

Ma'aikaci a ƙasarmu ba shi ke zaɓen inda zai yi aiki ba. Yau yana Difa, baɗi a ce ya koma Doso, daga baya a kira shi Yamai. Shi ya sa mafi yawansu, in sun samu fili, garin haihuwa suke fara tunawa. Daga Yamai zuwa Tawa kuwa kimanin kilomita 550 ne, zuwa Maraɗi kimanin 660, zuwa Damagaram kusan 900. Wanda ke da irin wannan tazara tsakaninsa da gidansa ba zai leƙa shi a ƙarshen mako ba.

Waɗanda suka yi aiki a shekarun 1990 ba su manta da yadda aka yi ginin ba. An karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, siminti da ƙarfe da kwano suka yi tsada, ga albashi ana bin gwamnati bashin watanni. Gidaje da yawa na wancan zamani an yi su ne ɗaki bayan ɗaki, bana a zuba tubali, baɗi a yi rufi, shekara ta zagayo a sa ƙofa. Ginin da aka yi guntu-guntu haka yana da mahaɗai da yawa, kuma ta mahaɗa ruwa ke shiga.

A ƙasar Adar kuma, daga Keita zuwa Buza da Illela, tafiya biɗa tsohuwar al'ada ce. Wasu sukan tafi bayan girbi su dawo da faɗuwar ruwa, wasu kuwa sun kafa kasuwanci a bakin teku, ba su zuwa sai shekara-shekara, amma kowa burinsa ya ga ya tsai da gidan siminti a ƙauyensu. Akwai kuma gidan gona, ko tunga, inda manomi ke ƙaura da iyalinsa da damina, ya koma gari bayan an kai amfani rumbu. Duk waɗannan, ko da yake arzikinsu ba ɗaya ba ne, damuwarsu ɗaya ce: wa zai duba gidan in ba su nan?

Ruwa ne babban abokin gaba

Ƙasarmu ƙasar fari ce, amma ruwa ne ya fi kowane abu rushe mana gidaje. Dattawan Maraɗi sun san cewa tsohon garin a cikin kwari yake, ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta sa aka tashe shi aka hau tudu. A watan Satumba na 2020 kogin Kwara ya kai santimita 700 a ma'aunin Yamai, ya fasa madatsai, ya mamaye Lamorde da Karaje da Kirkisoy da Saga. Daminar 2024 kuwa ta fi duk waɗanda suka gabace ta muni: kusan mutum 400 suka rasu a faɗin ƙasa, fiye da miliyan ɗaya da rabi suka yi asara, kuma da yawa daga cikin mamatan gini ne ya faɗo musu. A ranar 30 ga Agusta ta wannan shekara, ruwa kimanin milimita 150 ya sauka kan birnin Maraɗi cikin awa ɗaya da rabi. Kwana huɗu bayan haka, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni ta Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya zube. An riga an ga tsaga a jikinsa, amma ruwan da ake tafkawa ya hana a taɓa shi. Har komawar ƴan lakwal sai da aka ɗage zuwa ƙarshen Oktoba, domin azuzuwa sun cika da waɗanda gidajensu suka rushe.

In haka ta samu masallacin da idon jama'a ke kansa dare da rana, ina ga gidan da ba mai buɗe shi?

Ga wani ɗan lissafi da ya kamata kowane mai gida ya riƙe. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ce. Rufin da ke da tsawon mita 10 da faɗin mita 10, in aka yi ruwa irin na Maraɗi, lita 15.000 za ta sauka kansa, wato cikin tano 75 mai lita 200. Duk wannan ruwa ta indararo biyu ko uku zai fita. To, in ganyen dogon yaro, da leda, da sheƙar tsuntsu sun toshe indararon tun bazara, ruwan kwanciya zai yi. Ruwa mai zurfin santimita 10 a kan wannan rufi, nauyinsa tan 10 ne. Soron ƙasa ba ya ɗaukar wannan, rufin siminti ma in ya ɗauka, ruwan zai bi tsaga ya iske ƙarfen da ke ciki, tsatsa ta kumbura shi, siminti ya fara ɓarewa daga ƙasa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gidan da ke da mutum ciki, ɗigon farko za a kawo kwano a tara, da gari ya waye a kira magini. Gidan da ke rufe kuwa, ɗigon nan zai yi wata uku yana sauka kan azara guda, ba wanda ya sani.

Abu na biyu shi ne gindin katanga. Ruwan da ya zubo daga indararo, in bai samu hanya ba, nan yake taruwa ya jiƙa tushe. Katanga daga ƙasa take mutuwa. Don haka a zuba birji a gindinta, a karkata shi yadda ruwa zai gudu waje, a kuma tabbata kafar da ke fitar da ruwan tsakar gida a buɗe take. Maƙwabci ma ya kan ɗaga ƙofar gidansa da ƙasa lokacin da ba ka nan, ruwan titi duka ya juyo wajenka. Katangar da ta faɗi kuma ba ta tambayar ɗakin wa ke bayanta. Mai gidan da ya yi sakaci har bangonsa ya danne yaran maƙwabci, nisan da yake ba zai wanke shi ba, ko gaban mutane ko gaban Allah.

Ginin ƙasa da ginin siminti

Magina na da sun san cewa ginin ƙasa abu ne mai bukatar hannu kowace shekara. Shi ya sa bayan girbi, in hannu ya samu sarari, ake kwaɓa ƙasa da ciyawa a sake yaɓe, a bi soro a cike tsaga, a gyara rawani da zankwaye. Masu hali su sa makuba, wadda ake yi da ɓawon ɗorawa, ko laso, wanda ake haɗawa da katsin marina. Azarar giginya kuma an zaɓe ta ne domin gara ba ta cin ta da sauƙi. Masallacin Yama da ke jahar Tawa, wanda magini Falke Barmu ya soma a 1962, ya kuma samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986, da ƙasa aka yi shi, gyaran da mutanen garin ke yi masa da hannunsu ne ya riƙe shi.

Kuskuren da masu gida na nesa suka fi yi shi ne su ce bari a shafe ginin ƙasa da siminti a huta da yaɓe. Siminti da ƙasa ba su kama juna sosai. Da rana ta buga, sai siraran tsaga su bayyana, ruwa ya shiga ta nan, simintin kuma ya hana shi fita. Daga waje bango sumul, daga ciki ƙasa ta zama taɓo, gara kuma ta samu inuwa. Rana ɗaya shafen zai zubo falle guda, ya tafi da rabin bangon. Wanda ya riga ya yi irin wannan shafe, ya sa a riƙa ƙwanƙwasa shi kowace shekara. Inda ya yi ƙarar fanko, ya rabu da bango, a fasa a gyara.

Rufin kwano shi ma yana da nasa ciwo. Zafin rana yana buɗa shi, sanyin dare ya tsuke shi, a hankali ƙusoshi su yi sako-sako. Guguwar da ke zuwa gaban hadarin farko, a watan Mayu ko Yuni, ita ke yaye irin wannan rufi. Kafinta guda da guduma da ƙusoshi, cikin wuni ɗaya na watan Afrilu, ya kan tsare abin da in ya ɓaci sai an sayi bandir na kwano. Gwamnati ta rage kuɗin siminti a watan Oktoba na 2024 domin waɗanda ambaliya ta shafa, amma siminti komai arharsa bai kai gyara kan lokaci araha ba.

Baƙin da ba a gayyata ba

Gara ba ta son motsi, ba ta son haske. Gidan da ke rufe, mai duhu da ɗan laima, shi ne aljannarta. Alamarta ita ce siririyar hanyar ƙasa da take ginawa a jikin bango, daga daɓe zuwa sama. Duk wanda aka ba amanar gida, a nuna masa wannan alama, ya kankare ta da zarar ya gani, ya kuma bi sawu ya ga inda ta fito. Kafin a rufe gida, a janye gado da kujeru da kabad daga jikin bango, a ɗora su kan bulo ko dutse, a naɗe tabarmi da darduma a rataye. Littattafai da takardu a sa su cikin akwatin ƙarfe. Guntayen katako da maginan suka bari a tsakar gida, da tarin itace, a kwashe su, domin su ne ke kiran ta.

Ƴan kasuwa da dama sukan mai da gidan da ke rufe wurin ajiyar wake ko gyaɗa ko hatsi, suna jiran kaya su yi daraja. Hatsi yana kawo ɓera, ɓera yana haƙa gindin bango yana cin wayar lantarki, maciji kuma yana bin ɓera. Ƙwayar maganin ƙwari da ake jefawa cikin buhunan wake kuwa, iskar da take fitarwa guba ce mai kisa, ta sha halaka mutanen da suka kwana kusa da ita. Ɗakin da aka yi irin wannan ajiya ba wurin kwanan mai gadi ba ne, ba kuma wurin da za a sauke iyali ba ne daren da aka iso.

Ranar dawowa, kada yara su riga manya shiga. A buɗe ƙofofi da tagogi iska ta ratsa, a haska lungu da fitila, a kakkaɓe katifu da takalma saboda kunama. Tsofaffin tayoyi, da gwangwanaye, da randar da aka bari a buɗe, duk a kife su tun kafin tafiya, domin sauro cikin kwana goma yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo, kuma zazzaɓin da zai haifar maƙwabta ne za su sha shi. Ciyawar da damina ta bari a tsakar gida, a nome ta a watan Oktoba. In ta bushe, guntun taba guda da aka jefo ta kan katanga da hunturu ya isa ya tada gobara.

Famfo da wuta

Famfon da ke ɗiga sau ɗaya a daƙiƙa yana zubar da kimanin lita 20 a rana, wato lita 3.600 cikin wata shida. Bututun da ya fashe a ƙarƙashin ƙasa ya fi haka nesa ba kusa ba, kuma bayan kuɗin da zai ci, yana jiƙa tushen gini. Gwajin ba shi da wuya: a rufe duk famfunan gida, a dubi kontar, in lambobi na tafiya, akwai yoyo a ɓoye. Gidan da ba kowa ciki, a rufe ruwansa daga bakin kontar, a rubuta lambar da aka bari. Tun daga Janairun 2024 kamfanin NDE ne ke raba ruwa a birane a madadin SEEN. Wanda ya daɗe bai zo gida ba, ya je ya tabbata sunansa da lambarsa daidai suke, kuma babu bashin da ya taru.

Haka nan wutar NIGELEC. A kashe ta daga babban makunni, a zare firiji da talabijin daga bango, a bar ƙofar firijin a buɗe don kada ya yi wari. In ana son fitilar ƙofar gida ta riƙa kamawa da dare, a ware mata layinta ita kaɗai. Kontar da ake sa wa kuɗi kafin a sha wuta ta fi dacewa da irin wannan gida, domin abin da aka zuba shi za a sha, ba kuma wanda zai ja waya zuwa shagonsa ya bar maka faktir. Tukunyar gas a rufe ta a fitar da ita daga ɗaki. Batirin sola da na mota kuwa, zafi da rashin aiki suna kashe su. Wanda zai yi wata shida, gara ya cire ya ba wanda zai yi amfani da su.

Wa za a ba mabuɗi?

Duk abin da muka lissafa a sama, mutum ne zai yi shi. Hanyoyin da aka saba bi uku ne, kowace da amfaninta da illarta.

Ta farko ita ce mai gadi. Tun bayan farin 1973 zuwa 1974, da na 1984, makiyaya da manoma da yawa da suka rasa dukiyarsu suka shigo birane suka kama gadi, har yau kuma a Yamai ana ganin bukkokin iyalansu cikin filaye da gidajen da ba a ƙare ba. Mafi yawansu mutane ne masu riƙon amana. Amma sau nawa ake barin mai gadi wata uku ba a aiko masa ko dala ba, sa'an nan a yi mamaki in an iske ya sayar da ragowar siminti, ko ya ba wani hayar ɗaki? In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan jaka 42 ne tun daga Janairun 2024. Mai gida ya auna abin da yake ba mutumin da ya danƙa wa dukiyar miliyoyi da wannan ma'auni. A faɗa masa aikinsa dalla-dalla tun ranar farko: shara, ban ruwan itatuwa, duba indararo, kiran waya bayan kowane babban ruwa. A kuma faɗa masa abin da ba a yarda ba, kamar saukar da baƙi ko ɗaure dabbobi a jikin bango. A ba shi ɗaki mai kyau da makewayi da kuɗin waya. Wanda ke kwana cikin yoyo ba zai damu da yoyon ɗakinka ba.

Ta biyu ita ce ɗan'uwa. Wannan ita ce ta fi daɗi a farko, ita ce kuma ta fi kawo ɓacin rai a ƙarshe. An ba ƙane gida ya zauna kafin ya samu nasa. Shekara goma ta wuce, ya yi mata biyu, ya ƙara ɗaki da kuɗinsa, ƴaƴansa ba su san wani gida ba sai wannan. Ranar da wa ya aje aiki ya dawo da kayansa, sai a ga zumunta ta koma gaban alƙali. Maganin wannan tun ran gini ne ran zane. A kira dattawa biyu na dangi da mai unguwa, a rubuta cewa aro ne, a sa ranar da za a sake zama a duba, a kuma rubuta cewa ba za a ƙara gini ba sai da izini, in an ƙara kuma ga yadda za a yi da kuɗin. Wasu na ganin rubutu tsakanin ƴan'uwa rashin yarda ne. Alhali kuwa waɗanda suka yi alkawarin za su mutu, ƴaƴansu ne za su gaji maganar, takardar kuma su take karewa.

Ta uku ita ce haya. Masu gida da yawa suna gudunta don tsoron ɗan hayar da ba ya biya ba ya tashi. Amma akwai wata dabara da ta dace da ma'aikata: malamin lakwal da aka turo daga wani gari yana bukatar gida daga Oktoba zuwa Yuni, ya tafi hutu daidai lokacin da mai gida ke isowa da iyalinsa. Wasu kuma sukan ba da sashe guda haya, su kulle sashe guda domin kansu. Kuɗin hayar, ko bai da yawa, ya isa yaɓe da fenti da kwasar masai. Sharaɗi dai a rubuta, a ƙirga ƙofofi da tagogi da famfuna ranar shiga, kowa ya sa hannu.

Ko wace hanya aka bi, maƙwabci shi ne ido na biyu. Wanda ke zuwa garinsu ya shige gida da mota, ba ya gaida kowa, ba ya zuwa jana'izar unguwa, kada ya yi tsammanin wani zai fito da tsakar dare don ya ji motsi a gidansa. Zumunta a ƙafa take, maƙwabtaka ma haka.

Takarda ta fi kwaɗo

Ɓarawon da ke haura katanga fanka da katifa zai ɗauka. Wanda ke zuwa da takardar jabu kuwa gidan duka yake ɗauka. Fili ko gidan da aka daɗe ba a ga mai shi ba, shi ne ƴan damfara suka fi so, domin ana iya sayar da shi sau biyu kafin labari ya kai inda mai shi yake.

Takardar «acte de cession» da ma'aikatar magajin gari ke bayarwa mafari ce. Wadda ta fi ƙarfi ita ce «titre foncier», domin gidan da aka yi wa irin wannan rajista, daɗewar wani a cikinsa ba ta mai da shi nasa. An kuma fito da sassauƙan nau'inta da ake kira «Sheda» don masu ƙaramin ƙarfi. Gidan da ba shi da rajista kuwa, in rigima ta taso, wajen sarakunan gargajiya ake fara zuwa neman sulhu, kotu kuma ta kan duba al'ada da shaidu. Malaman Malikiyya sun yi bayanin abin da ake kira hauzi: baren da ya shekara 10 yana riƙe da gida, yana gini yana rushewa kamar nasa, mai gidan yana nan yana gani bai ce uffan ba kuma ba abin da ya hana shi magana, to ƙararsa ba ta da ƙarfi bayan haka. Hukuncin wanda ba ya gari daban ne, na dangi ma daban, amma mutumin da ke zuwa kowace salla yana gani yana shiru, da wuya ya ce bai sani ba.

Game da gidan gona, dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta kafa kwamitocin filaye, waɗanda a yau ake samu tun daga gari har zuwa gunduma, kuma suna ba da takardar shaidar mallaka, da ta saye, da ta aro, da ta jingina. Wanda zai ba wani aron gona da bukkokin da ke cikinta, ya bi ta nan. Tsohuwar yarjejeniyar nan ta manomi da makiyayi, inda Bafillace ke sauka a gona da rani dabbobinsa su zuba taki a ba shi hatsi, har yanzu tana da amfani biyu: gona ta samu ƙarfi, rumbu da bukka su samu mai gani.

Takardun asali kada a bar su cikin gidan da ke rufe, kada kuma a ba mai gadi ko dillali. A riƙe su a hannu, a aje kwafi wajen amintacce guda, a kuma sanar da uwargida da babban ɗa inda suke. A leƙa ofishin haraji lokaci-lokaci, don kada lanho ya taru a kan gidan ba a sani ba.

Gyara daga nesa

Yau aika kuɗi ya yi sauƙi; ta NITA ko Al Izza ko Amana, abin da aka zuba a Yamai da safe ana karɓarsa a Tasawa kafin azahar. Sauƙin nan kuwa shi ke sa wasu su yi ta aike ba tare da sun ga aiki ba. Ƙa'ida ita ce mai riƙon kuɗi daban, mai aiki daban, mai dubawa daban. A biya magini kashi-kashi, a nemi hoto ta WhatsApp kafin aiki da bayansa, wani na uku kuma ya je ya taɓa da hannunsa, domin hoto ba ya nuna bayan bango.

Shekarar mai gidan nesa ga yadda ya kamata ta kasance. Afrilu da Mayu: a hau rufi, a share indararo, a ƙara ƙusa, a sare rassan da suka hau kan gini. Bayan ruwan farko: a buɗe kowane ɗaki a dubi sama da ƙasa. Yuli zuwa Satumba: a shiga bayan kowane babban ruwa, a buɗe tagogi ɗaki ya sha iska. Oktoba da Nuwamba: a nome ciyawa, a nemi gara, a lissafa ɓarnar damina. Disamba zuwa Maris: a yi yaɓe da duk babban gyara, lokacin da ƙasa ke bushewa da kyau kuma magina ba su tafi gona ba. Kuɗin wannan duka a ware shi tun farkon shekara, kamar yadda ake ware na ragon layya.

A ƙarshe akwai tambayar da ya kamata mai irin wannan gida ya yi wa kansa. A garuruwan da ƙananan ma'aikata ke yawon neman ɗaki, inda kuma dubban iyalai suka kwana cikin azuzuwan lakwal a 2024, shin ya dace ɗaki shida su shekara a kulle don kwana ashirin na hutu? Kowa da dukiyarsa, ba mai tilasta masa. Sai dai magina da kansu suna faɗa cewa gidan da ake shara ana hura wuta cikinsa ya fi daɗewa bisa wanda aka rufe. Wanda ya sa mutumin kirki a gidansa bisa sharaɗi bayyananne, ya taimaki wani, ya kuma taimaki ginin. Wanda ya zaɓi ya kulle, to ya biya mai dubawa hakkinsa, ya kuma riƙa zuwa da ƙafarsa, domin an ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Allah shi ba mu damina mai albarka, shi tsare mu da sharrin ruwa da na wuta, shi kuma maido matafiya gidajensu lafiya.